Tsohon yumɓu mai buɗaɗɗen baki da jikoki a jikinsa: daga ina ya fito, su wa ke gina shi?

Tsoho ne na yumɓu a zaune, tsawonsa da wuya ya kai kamu ɗaya, ya miƙe ƙafafu, ya ɗan ɗaga kai sama, ido a rufe, baki a buɗe. Yara kuwa sun yi masa caa, wani a cinya, wani ya ɗare kafaɗa, wani yana leƙowa ta bayan wuya, wani ya kama gwiwa yana ta kicikicin hawa, akwai ma wanda barci ya kwashe tun ba a kai rabin labari ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban kaka da daddare ana "ga ta nan ga ta nanku" ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ke faruwa a wurin. A kasuwar kayan hannu ta Amurka sunansa Storyteller, wato mai ba da labari, ko mu ce mai tatsuniya, kuma masu gina shi su ne mutanen Pueblo na jihar Niyu Meksiko da ke kudu maso yammacin ƙasar.

Mutanen nan suna cikin waɗanda mu Hausawa muke yi wa kuɗin goro mu ce Indiyawan daji, kuma gaskiya sunan bai yi daidai da su ba ko kaɗan, don su mutanen gari ne tun fil azal. Kalmar pueblo ɗin ma Sifaniyanci ce, ma'anarta gari ko ƙauye, Turawan Sifaniya ne suka laƙaba musu da suka zo a 1540 suka tarar da su zaune a garuruwa, gidajen ƙasa da dutse har da bene, ga gonakin masara da wake da kabewa. Yau garuruwansu 19 ne a Niyu Meksiko, kowanne da gwamnansa da majalisarsa, harsunansu ma ba ɗaya ba. Garin da wannan labari ya shafa sunansa Cochiti, ana faɗinsa Kociti, ƙaramin gari ne a bakin kogin Rio Grande, kimanin kilomita 55 daga birnin Santa Fe, harshensu Keres.

To abin da ke ba mutane mamaki shi ne shekarun abin. In ka ga yadda 'yan kanti ke tallarsa sai ka rantse tun zamanin kaka da kakanni ake yinsa. Ina! A 1964 aka gina na farko, kuma an san wadda ta gina shi, an san wanda ya ba da odar, an ma san ko hoton wa ye.

Sunanta Helen Cordero, an haife ta a Cochiti a 1915, ta rasu a 1994. Kuma ba ta taso da ginin tukwane ba, sai da ta haura shekara arba'in, yara sun fara tasawa, sannan ta taɓa yumɓu da niyyar sana'a. Da farko aikin duwatsun ado da na fata suke yi ita da 'yar uwarta Juanita Arquero suna sayar wa masu yawon buɗe ido, amma ribar duk wajen sayen kayan aiki take ƙarewa, irin sana'ar nan da kullum kana aiki kullum aljihu wayam. Wata tsohuwa a dangin mijinta ce ta ba su shawarar su koma ginin tukwane, tunda shi ba a sayen komai, ƙasa ce ke ba ka. Juanita da ma ta iya, ita ta zama malamar. Helen kuwa ta yi ta fama wata da watanni, kwanukanta da tulunanta sai su fito a karkace, baki nan gindi can. Da Juanita ta ga abin ya ƙi sai ta ce mata to ki gwada 'yan siffofi mana, tsuntsaye, dabbobi, mutane. Nan hannunta ya faɗa. Matar da ta kasa miƙar da bakin kwano sai ga shi tana fitar da 'yan mutane masu rai-rai kamar su yi magana.

Cikin abin da take yi akwai wata tsohuwar siffa da aka sani a Cochiti tun kafin a haife ta, mace a zaune riƙe da jariri ko tulu, baki a buɗe tana waƙar reno, ana ce mata uwa mai waƙa. Irin wannan ce wani mutum mai suna Alexander Girard ya gani. Shi Girard babban mai dizain ne, ya yi suna wajen zanen yadi da tsara cikin gidaje, ya zauna a Santa Fe, kuma yana da ciwon tara kayan hannu na ƙasashen duniya, abin da ya tara ya haura guda 100,000, daga baya ya ba gidan adana kayan gargajiya na Santa Fe kyauta. Ya ce da Helen ta yi masa irin wannan amma babba, kuma ta ƙara yawan yaran.

Oda ce ta kwastoma kawai, babba da yara da yawa. Helen ta koma gida tana juya maganar, kuma abin da ya yi ta zuwa mata a rai ba wata uwa mai reno ba ce, kakanta ne, Santiago Quintana, wanda ta sani tana yarinya da iya ba da labari, kullum jikoki zagaye da shi. Sai ta gina namiji, tsoho, ta ɗora masa yara biyar. Wannan sauyin shi ne dukkan ƙirƙirar, kuma ni a ganina ba ƙaramin abu ba ne duk da a ido kamar ba komai. Siffar uwa da jariri ko'ina a duniya akwai ta, ba ta kowa ba ce. Wannan kuwa hoton mutum guda ne mai suna, wanda jikarsa ta tuna. Ita da bakinta ta bayyana yanayin fuskar, cewa idon a rufe yake don yana tunani, bakin kuma a buɗe don yana rerawa.

Shi ma Santiago ɗin ba baƙon takarda ba ne. Turawa masu binciken al'adu da suka yi ta sintiri a Cochiti tun ƙarshen ƙarni na 19 da yawansu wajensa suka zauna, har da Edward Curtis mai ɗaukar hoto, da Ruth Benedict wadda ta tattara tatsuniyoyin garin aka buga su a 1931, kuma yana cikin manyan waɗanda suka ba ta labaran. An shaide shi da son a rubuta abin daidai, ba ya son a kwaɓa. Wato kakan ya ba baƙi labarin da baki suka rubuta da Turanci, jikar kuma ta ba baƙi siffar mai labarin da yumɓu. Gida ɗaya, hanya biyu.

Kasuwa ta karɓa nan take. A baje kolin jihar da kuma babbar kasuwar masu sana'ar hannu ta Santa Fe, wadda aka fara a 1922 kuma ake ci a watan Agusta, Helen ta yi ta kwasar kyaututtuka. Oda ta yi mata yawa har mutane na jira. Yaran da suka fara da biyar suka yi ta ƙaruwa, wani tsohon sai ka ƙirga masa yara ashirin da wani abu, kuma babu biyu da suka yi zama iri ɗaya. Ta kuma yi wasu siffofin, mai ganga (mijinta Fred Cordero da ma gwanin haɗa ganga ne, Cochiti sun yi suna da ganga), kunkuru ɗauke da yara a bayansa, da wani tsari da yaran ke zaune a ƙasa kewaye da tsohon maimakon a jikinsa. A 1986 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girmamawa mafi girma da take ba masu sana'ar gargajiya.

Amma fa in an ce 1964 kada a ɗauka daga sama abin ya faɗo. Gina siffar mutum da ta dabba da yumɓu tsohon abu ne a wannan yanki, masu haƙar tarihi sun tono irinsu da suka girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya katse shi mulkin Sifaniya ne. Daga 1598 da suka kafa mulkin mallaka, limaman cocinsu duk wata siffa da suka gani sai su ce gunki ce, a fasa, a ƙona, a hukunta mai ita. Matsin ya kai ga a 1680 garuruwan suka haɗa kai ƙarƙashin wani jagora mai suna Popé suka fatattaki Sifaniyawa, sai bayan shekara 12 suka dawo. Tun daga wannan zamani mutanen Pueblo suka koyi wani darasi da har yau suke riƙe da shi, abin da ya shafi addininsu da asirinsu ba a nuna wa baƙo, ba a ɗaukar hoto, ba a sayarwa. A Cochiti yanzu haka an hana baƙi ɗaukar hoto ko zane ko naɗar murya a cikin gari.

Nan ne amsar tambayar da na san wasu za su yi, wai shin ba gumaka ba ne? Su dai masu ginawa ba bauta musu suke ba, ba a kai su ɗakin ibadarsu, ba a yi musu yanka. Kayan sayarwa ne da ado da tunawa da magabata, kuma dalilin da ya sa ma aka yarda su fita kasuwa shi ne ba su cikin kayan asiri. Hukuncin ajiye mutum-mutumi a ɗaki wannan maganar malamai ce, ni bayanin abin nake yi.

Wurin da labarin ya fi ba ni dariya shi ne shekarun 1880 zuwa wajen 1920. Jirgin ƙasa ya iso yankin a 1880, ya kwaso baƙi iri-iri, 'yan kasuwa, limamai, kaboyi, masu yawon buɗe ido, da 'yan wasan sarkis masu yawo gari-gari da mutane masu halittar ban mamaki. Matan Cochiti suka zuba ido suna kallo, sai suka koma gida suka fara gina su, manya-manyan siffofi a tsaye, ga ƙaton ciki, ga gashin baki, ga hannu a sama baki a wangale, wani ma da kai biyu. Ba'a ce tsagwaronta. Su kuma baƙin suka yi ta saye ba su san su ake zana ba, dillalan Santa Fe suna sayar da su da sunan wai gumakan Indiyawa ne, ana kiransu monos, kalmar Sifaniyanci mai ɗauke da raini, kamar ka ce birai ko 'yan kwaikwayo. Ka sayi zagin kanka da kuɗinka ka kai falo ka ajiye. Masana na lokacin kuwa suka ɗaga hanci suka ce wannan tarkacen 'yan yawon buɗe ido ne, su tukwane da tuluna kawai suka ɗauka da daraja, da haka sana'ar ta yi ta ja baya har ya rage mata ƙalilan ne ke yin ƙananan siffofi. Wannan ragowar ce Helen ta tarar.

Yanzu bari mu zo kan aikin kansa, don a nan ne ake gane dalilin tsadar na gaske.

Yumɓun ba a kanti ake saya ba. Kowane gari da wuraren da yake haƙa, sau da yawa iyali ne ke riƙe da sanin wurin, kuma masu bin tsohuwar hanya ba sa ɗiba sai sun yi addu'a irin tasu sun watsa garin masara, don a wajensu yumɓu uwa ce, ana yi mata magana, ana neman izininta. In an kawo gida sai a shanya, a daka, a jiƙa, a tace tsakuwa da saiwoyi, sannan a haɗa da abin da zai hana shi tsagewa a wuta. A Cochiti yashi ko tokar dutsen aman wuta ake sawa, a Acoma kuwa, wani garin na Pueblo, tsingaro suke dakawa, wato tsohuwar tukunya ta shiga cikin sabuwa. Wannan kaɗai aikin kwanaki ne kafin a fara gina komai.

Ginin da hannu ne zalla, babu injin juyawa. Ana murza yumɓu kamar igiya a yi ta ɗorawa zagaye-zagaye ana shafewa, har gangar jiki ta tashi, cikinta fanko. Dole ya zama fanko kuma dole iska ta samu mafita, in ba haka ba yana shiga wuta zai fashe, shi ya sa buɗaɗɗen bakin nan sau da yawa aiki biyu yake yi, ga waƙa ga hanyar iska. Sai yaran. Kowane yaro daban ake gina shi, a manna shi tun jikin tsohon da sauran danshi, kuma nan ne gwaninta take, don in ɗaya ya fi ɗaya bushewa wajen haɗin zai tsage, yaro ya ɓalle. Yi tunanin yara ashirin, kowanne da hannu biyu da ƙafa biyu. Bayan ya bushe a hankali a inuwa sai a bi shi da samfefa lungu-lungu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin haɓa, bayan kunnen yaron da ya maƙale a wuya.

Daga nan a shafa ruwan farar ƙasa, shafi bayan shafi, a goge da tsumma har ya yi sulɓi. Irin farar ƙasar da Cochiti ke amfani da ita ba ko'ina ake samunta ba, magina suna tattalinta sosai. Jan launi daga jar ƙasa. Baƙin kuwa shi ya fi burge ni, daga ganye ake yinsa, wani tsiro da suke ci kamar alayyafo, ɗan uwan gasayar nan tamu ne ta miya. Ana tafasa shi awa da awanni har ya koma baƙin danƙo, a busar a ajiye, in za a yi zane a jiƙa kaɗan. Burushin gargajiya ganyen wani tsiro ne mai suna yuka, ana tauna bakinsa har zaren ya fito. Kuma lokacin da ake zanen fentin ba baƙi ƙirin yake ba, sai wuta ta ci shi farar ƙasar ta riƙe shi sannan ya fito. Kenan mai zanen tana aiki ne da abin da ba ta gama gani ba.

Gashin a fili ake yi, a tsakar gida, da sassafe in babu iska. A jera kayan a kan ƙarfe, a kare su da gwangwani ko fallen kwano don kada wuta ta taɓa su kai tsaye, a kewaye da itacen sida da kandilo, a cinna. Iska ta taso ba zato, ko kandilo ɗaya ya faɗo kan fuskar tsohon, shikenan, ko tabon hayaƙi ko tsaga, aikin sati da satittika ya tafi. Helen kan ce ba ita ke yanke yadda za su fito ba, wuta ce.

To da abin ya karɓu sai ya bazu. Da farko maƙwabta a Cochiti, sannan sauran garuruwan. Wani bincike da Barbara Babcock ta yi tare da Guy da Doris Monthan, wanda ya fito a 1986, ya lissafa magina sama da 200 masu yin mai tatsuniya da danginsa, shekara 22 kacal bayan na farko. Kuma kowane gari da ƙasarsa ya yi, shi ya sa wanda ya saba yana kallo zai ce maka wannan daga ina yake. Na Cochiti fari-fari mai ruwan madara da baƙi da ja. Na Acoma, garin nan da ke kan falalen dutse mai tsawon sama da mita 100, fari fat da zane siriri kamar da allura aka yi, Marilyn Ray da 'yar uwarta Judy Lewis sukan cika nasu da tsuntsaye da kyanwoyi da malam buɗe littafi. Na Santa Clara baƙi ƙirin mai sheƙi, don su rufe wutar suke da garin kashin dabba hayaƙi ya shige jikin yumɓun. Na Taos yana ƙyalƙyali saboda ƙasarsu akwai ƙyalli a cikinta. A Isleta akwai Stella Teller da 'ya'yanta mata, launinsu mai sanyi ne, toka-toka da shuɗi-shuɗi. Jemez kuwa su suka fi kowa yawan fitarwa, zuri'ar Fragua da Toya duk suna ciki.

Siffar ma ta sauya. Louis Naranjo na Cochiti ya yi suna da beyar mai tatsuniya da 'ya'yanta, Martha Arquero da kwaɗi, wasu mujiya, wasu kunkuru, wasu masu barkwancin bukukuwa masu zanen baƙi da fari a jiki. Da yawa kuma suka koma gina mace da yara suna kiranta mai tatsuniya. Wannan bai yi wa Helen daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. A wajenta mai tatsuniya namiji ne, kakanta ne, in mace ce to uwa mai waƙa ce, kuma tana ganin masu kiran komai da sunan ba su san abin da yake nufi ba.

Nan ni ina tsaka-tsaki. Ta wani gefen tana da gaskiya, ka gina hoton kakanka a wayi gari ka ga kwaɗo da sunansa, dole ka ji wani iri. Ta ɗaya gefen kuma, maginiyar Jemez ko Acoma ba ta san Santiago Quintana ba, wadda ta ba ta labari tana yarinya wataƙila kakarta mace ce, to wa za ta gina? In ta kwaikwayi tsohon Helen sak, ta yi kwafi. In ta gina tata kakar, ta yi abin da Helen ta yi. Kuma dabbobin nan su ne 'yan wasan cikin tatsuniyoyin da kansu. Inda na fi ganin matsalar ba nan ba ne, wajen lissafin kasuwa ne, da aka koma ƙirga yara ana sa farashi, sai ka ga an liƙa wa siffa ƙananan dunƙule hamsin ko ɗari duk fuska ɗaya kamar ƙwan kifi. A na Helen kowane yaro akwai abin da yake yi, kana iya nuna mai ƙiriniya da mai tsoro.

Daga nan sai maganar jabu, kuma ita hawa-hawa ce, ba orijina da jabu kawai ba. Akwai wanda aka haƙo ƙasarsa, aka gina da hannu, aka yi fentin ganye, aka gasa a fili, wannan shi ne ƙoli. Akwai wanda ginin hannu ne amma a oban lantarki aka gasa, kuma da yawan magina na ƙwarai yanzu haka suke yi don gudun asara, ba abin kunya ba ne in an faɗa. Akwai wanda yumɓun kanti ne da fentin kanti da ake shafawa bayan gashi, launi rangaɗau. Akwai na zubi, wanda ake sayo gangar jikin an riga an buga ta a mol kamar yadda ake buga bulo, mutum fenti kawai zai yi, kuma mai fentin yana iya zama ɗan Pueblo na gaske, sai dai aikin ba ginin hannu ba ne. Can ƙasa kuma akwai wanda kamfani ya buga a wata ƙasa aka shigo da shi, babu hannun ɗan Pueblo ko ɗaya a ciki.

Dokar Amurka ta 1990 kan kayan sana'ar 'yan asalin ƙasar wannan na ƙarshen ta fi nufa. Ta haramta sayar da kaya da sunan wai ɗan wata ƙabila ne ya yi alhali ba haka ba ne, kuma laifin farko ga mutum ɗaya yana iya kaiwa tarar dala 250,000 ko ɗaurin shekara 5 ko duka biyun, kamfani kuwa har dala miliyan 1. Amma ka lura, dokar wa ya yi take tambaya, ba ta shiga maganar yaya aka yi ba sosai. Wannan ya rage tsakanin mai saye da mai sayarwa, shi ya sa masu sanin kan abin suke juya gindin siffar su duba sa hannu da sunan gari, su shafa su ji ko akwai layin haɗin mol, su duba ko akwai wani irinsa sak a gefe, sannan su tambaya kai tsaye, ƙasar daga ina, a ina aka gasa. Ƙaramin na zubi da 'yan daloli ake samu, aikin fitattun magina ɗaruruwa zuwa dubbai, na Helen kuwa in ya fito gwanjo maganar dubban daloli ake.

Wanda ya fi cutuwa da jabun ba attajirin mai tarawa ba ne, matar da ta yi sati uku tana gini ce, ta zo ta shimfiɗa kayanta, kantin da ke kallonta yana sayar da mai kama da shi a kashi ɗaya cikin goma na kuɗin.

Akwai kuma wani abu da na daɗe ina juyawa game da siffar nan. Bakin a buɗe yake amma ba ka jin komai. Mai saye ya tafi da tsohon da jikokinsa Niyu Yok ko Jamus, labarin kuwa bai bi shi ba, yana can cikin harshen Keres, kuma a al'adar garuruwan da yawa da lokacinsa, sai da hunturu ake ba da shi, dare ya yi tsawo an gama aikin gona. Mutanen da suka sha fama da masu fasa musu kaya da masu naɗar asirinsu sun samu abin da za su sayar wa baƙo wanda ke nuna cewa akwai labari ba tare da ya faɗi labarin ba. Ko da gangan ne ko dacewa ce, dabarar ta yi.

Sai dai lokacin da siffar ke tashe a kasuwa, shi ainihin zaman tatsuniyar ja baya yake yi a gida. An daɗe ana kwasar yaran Pueblo zuwa makarantun kwana inda ake hana su harshensu. Sannan daga 1965 sojojin injiniya na Amurka suka fara gina ƙaton dam a ƙasar Cochiti, da ya cika ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ƙasa ya jiƙe gonakin garin har noma ya tsaya shekara da shekaru, mutane suka koma aikin albashi a Santa Fe da Albakaki, ga talabijin ta shigo ɗaki. Zuwa shekarun 1990 da garin ya duba sai ya ga yara ƙanana kusan duk Turanci suke yi. Wato ana gina tsoho da jikoki talatin a jikinsa, jikokin gaske kuma ba sa jin yaren da zai ba su labarin. Garin bai zauna ba, ya fara shirin koyar da yara da baki, manya su zauna da su a yi ta Keres zalla, don su Cochiti ba su yarda a mayar da harshen rubuce ba, sun fi son ya tafi daga baki zuwa kunne. A 2012 kuma aka buɗe makarantar ƙananan yara a garin da ake koyarwa da Keres.

Ginin ma bai tsaya ba. A gidan Helen 'yarta Toni Suina da jikokinta Buffy da Tim Cordero sun ɗauka, surukarta Mary Trujillo ta zama fitacciya da kanta. Virgil Ortiz kuma, ɗan Seferina Ortiz wadda ita ma gwanar mai tatsuniya ce, ya tsallake baya ya ɗauko tsofaffin siffofin ba'ar nan na zamanin jirgin ƙasa ya farfaɗo da su, da yumɓun Cochiti da fentin ganyen nan dai, yana gina mutanen zamani da mayaƙan tawayen 1680 kamar waɗanda suka fito daga fim ɗin shekara ɗari biyu masu zuwa, har ya yi aiki da mai dizain ɗin tufafi Donna Karan. Shi kuma tsohon farko, na 1964, yana nan cikin kayan Girard a gidan adana kayan gargajiya na Santa Fe, da yaransa biyar.